An Sace WhatsApp ɗin Baban Hanifa: Wa Zai Ɗauki Asarar Hajiya?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Da farko ina neman afuwar kowa, domin duk saƙon da ya fito da sunana tun daga daren Talatar makon jiya har zuwa hantsin Laraba, ba ni ne na rubuta shi ba. Zan faɗi yadda abin ya faru dalla-dalla duk da nauyin da nake ji, don kada wani ya sake faɗawa ramin da na faɗa. Bayan sallar Magariba wani mutum ya kira ni, ya yi sallama cikin ladabi, ya ambaci sunana da sunan wannan zaure, har ya tambaye ni jikin mahaifiyata. Ya ce an shirya taron zumunci ta intanet da ƙarfe tara na dare, kuma shi aka ɗora wa rajistar mahalarta, saboda haka za a turo mini wata lamba mai alƙaluma shida, in karanta masa ya saka sunana. Muna cikin magana saƙon ya shigo, na karanta masa lambar ba tare da na duba abin da aka rubuta tare da ita ba. Ko minti biyu ba a yi ba WhatsApp ɗina ya fitar da ni. Sai da safe na ji cewa an bi mutane ɗaya bayan ɗaya da sunana ana cewa mahaifiyata na asibiti ana neman kuɗin tiyata, kuma Hajiya Babba ta tura naira dubu tamanin da biyar. Jiya na samu damar dawowa. Ni a raina na ƙudurta zan biya Hajiya kuɗinta ko da a hankali ne, amma wasu sun ce ba ni da wannan nauyin, shi ya sa na kawo maganar gaban jama'a.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah Ya kiyaye gaba. Ni abin da ya sa ban yi shakka ba shi ne na san tsohuwa ba ta da lafiya, a nan zauren aka sanar aka ce a yi mata addu'a, kuma hotonka ne a kan saƙon, lambarka ce da na sani shekara da shekaru. Gaskiya na ga sunan da ya fito a asusun ba naka ba ne, na tambaya, sai aka ce mini na mai POS ne da ke bakin asibiti domin asusunka ya samu matsala. Na kira ka sau ɗaya ta WhatsApp ba a ɗauka ba, aka rubuto mini cewa kana gaban likita. Kuɗin na wani mai kawo mini atamfa ne a Kantin Kwari da zan biya shi ranar Asabar, amma ban ga yadda zan ji an ce mahaifiyarka na kwance in tsaya lissafi ba.

Mai Gyaran Waya:
Allah Ya mayar da alheri, Hajiya. Yaya Baban Hanifa, ka yi haƙuri, kuma ka sani cewa a rumfarmu da ke kasuwar waya ta Farm Centre da wuya mako ya wuce ba a kawo mana irin wannan matsala ba, har daga malaman jami'a da ma'aikatan banki. Bari in bayyana abin da ya faru domin kowa ya gane. WhatsApp ba ya sanin mutum da fuska ko da suna, da lambar waya kawai yake saninsa. Duk wanda ya sauke manhajar a wayarsa ya rubuta lambarka, kamfanin zai turo waɗannan alƙaluma shida zuwa layinka domin ya tabbatar cewa mai layin ne da kansa yake son shiga. Ke nan ɓarawon shi ne ya jawo saƙon, kuma abin da ya rage masa kawai shi ne ka karanta masa. Babu wani taro, babu wata rajista, babu wani tallafin gwamnati da ke buƙatar wannan lamba, kuma a cikin saƙon ma an rubuta cewa kada a bai wa kowa, sai dai da Turanci yake zuwa, kuma ɓarawon ba ya barin mutum ya natsu ya karanta.

Da ya shiga ba ya ganin tsofaffin hirarrakinka, domin suna cikin wayarka, amma yana ganin dukkan zaurukan da kake ciki da lambobin mutanen da ke cikinsu, kuma daga nan yake zaɓen waɗanda zai bi. Dalilin da ya sa ka yi kwana bakwai a waje kuwa shi ne, da ya shiga sai ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato makulli na biyu da WhatsApp ke da shi, ya saka tasa lambar sirrin. Lokacin da ka zo wurina da safe muka sake rajista da sabuwar lambar da aka turo, nan take aka fitar da shi, amma kai ma sai da ka jira mako guda kafin a buɗe maka. Da a ce kai ne ka riga shi saka wannan lambar sirri, da ko ka karanta masa alƙaluman nan shida ba zai iya shiga ba.

Alhaji Ƙarami:
Ni dai a ganina maganar ba ta da tsawo. Wanda ya bar ƙofar gidansa a buɗe har ɓarawo ya bi ta ciki ya haura gidan maƙwabci, shi ne silar asarar, kuma tunda Baban Hanifa da bakinsa ya ce zai biya, a bar shi ya biya, ya fi masa kwanciyar hankali. Hajiya taimako ta yi niyya, bai kamata alherinta ya zame mata hasara ba.

Barista:
Alhaji, Allah Ya ƙara girma, ina da ja a kan wannan misali. Baban Hanifa bai bar ƙofa a buɗe ba, yaudararsa aka yi aka karɓi makullin, kuma yaudarar da aka yi masa ita ce dai aka yi wa Hajiya: an zo wa kowannensu da abin da ya sani kuma ya yarda da shi, aka hana shi lokacin tunani. Idan za a kira karanta lamba sakaci, to tura kuɗi zuwa asusun da sunan da ke kansa ya bambanta shi ma sakaci ne, kuma ba na faɗin haka don in ɗora wa Hajiya laifi, sai don a ga cewa dukkansu biyun waɗanda aka zalunta ne. A doka mai laifi shi ne ɗan damfarar. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta hukunta shiga asusun wani ba da izini ba, da kuma yin sojan gona da sunan wani domin karɓar dukiya. Abin da ya fi damuna shi ne mun shafe kwanaki muna tattauna wanda zai biya, alhali ban ji wanda ya ce an kai ƙara ba. Hajiya, kin sanar da bankinki a rubuce? Asusun da aka tura kuɗin yana da suna, kuma a ƙa'ida yana haɗe da BVN ko NIN na wani mutum. Idan aka sanar da wuri, banki na iya tuntuɓar ɗaya bankin a dakatar da fitar kuɗi daga asusun, sannan a kai wa 'yan sanda ko hukumar EFCC takardar shaidar turawa da hoton hirar da aka yi.

Hajiya Babba:
'Yata, na je banki ranar Alhamis, na cike takarda, suka ce za su bincika, amma ma'aikacin ya gaya mini cewa irin waɗannan mutane ba sa barin kuɗi ya kwana a asusu. Wurin 'yan sanda kuwa ban je ba, domin na ji tsoron kada zirga-zirgar ta ci abin da ya fi wanda aka sace.

Barista:
Na fahimce ki, Hajiya, kuma wannan tsoron shi ne jarin 'yan damfara. Ki turo mini takardun ta keɓe, ni zan rubuta ƙorafin ba tare da kin biya komai ba. Ko kuɗin bai dawo ba, rufe wannan asusu zai hana a karɓi na wata da shi gobe.

Malam Liman:
Bismillahir rahmanir rahim. Na karanta bayanan kowa, kuma Allah Ya saka wa Barista da alheri. Abin da malamanmu suka karantar a babin ajiya shi ne, wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. To amma a nan Hajiya ba ta ba Baban Hanifa ajiyar komai ba, kuɗin bai shiga hannunsa ba, bai ci ba, bai umarci a tura ba, saboda haka ban ga hujjar da za a wajabta masa biya da ita ba. Sai dai akwai wata amana da ya kamata mu yi magana a kanta, wato amanar suna. Mutane sun yarda da lambarka ne saboda sun yarda da kai, kuma duk wanda jama'a suka yarda da shi, kiyaye wayarsa ya zama kiyaye dukiyar jama'a. Ni kaina da nake wannan magana, da aka sace tawa aka ce ana neman gudummawar rufin masallaci, na san mutane da yawa za su tura ba tare da tambaya ba, kuma sai yau na ji cewa akwai wani makulli na biyu da ban saka ba. Shawarata ita ce a yi sulhu, domin Allah Ya ce a Suratun Nisa'i sulhu alheri ne. Idan Baban Hanifa ya ba da wani abu don kyautatawa ya samu lada, idan Hajiya ta yafe ta samu lada, amma kada a mai da shi bashi a wuyansa.

Mai Gyaran Waya:
Allah Ya gafarta Malam, akwai tambayar da har yanzu ba a yi ba, kuma ita ce ta hana ni barci. Ta yaya mutumin nan ya san sunan zauren nan, ya san mahaifiyar Yaya ba ta da lafiya, ya kuma san cewa Hajiya ce za ta fi saurin tausayawa? Wannan ba sani ba ne na wanda ya tsinci lamba a hanya. Ina roƙon shugabanmu ya duba jerin mambobi, ya ga ko akwai lambar da ba a san mai ita ba.

Shugaban Zaure:
Na duba, kuma abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Akwai lambobi uku da babu wanda ya san masu su, dukkansu sun shigo ne ta mahaɗin gayyata, wato adireshin da duk wanda ya danna shi zai shigo zaure, kuma ɗaya daga ciki ta fita da kanta a daren da abin ya faru. Wannan mahaɗi ni ne na ɗora shi a shafina na Facebook a watan azumi, lokacin da muke tara kuɗin gyaran rijiyar burtsatse, da nufin 'yan unguwa mazauna Legas da Abuja su samu shiga, kuma ban sake tunawa da shi ba. Ke nan mutumin ya zauna a cikinmu watanni yana karanta sanarwar haihuwa da rasuwa da rashin lafiya, yana sanin wane ne mai hali, wane ne mai tausayi. Idan ana rabon laifi, to kasona ba ƙarami ba ne. Na soke mahaɗin yanzu, na cire sauran lambobin biyu, na kuma kunna tsarin da sai mai kula da zaure ya amince kafin kowa ya shigo. Tunda an zo nan, ina so in kawo shawarar da na daɗe ina jinkirtawa: a hana turo saƙonnin da aka kwaso daga wasu wurare, musamman na tallafi da na ɗaukar aiki da na faɗakarwar tsaro, sai wanda mai turowa ya san asalinsa.

Alhaji Ƙarami:
Na tallafi da na ɗaukar aiki na yarda a hana, domin ni ma na gaji da saƙon da ke cewa a tura wa mutum goma kafin a samu kyautar data. Amma na tsaro ban yarda ba ko kaɗan. Muna zaune a ƙasar da ake tare hanya ana ɗaukar mutane, kuma sau da yawa saƙon murya na wani direba ne ke fara sanar da jama'a kafin kowace hukuma ta ce uffan. Ni mai bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ne, na san ranar da irin wannan saƙo ya sa na kwana a Tsafe ban ƙarasa ba, kuma da safe aka tabbatar da abin da aka faɗa. Idan saƙon ya zama ƙarya, me aka rasa in ban da ɗan jinkiri? Idan kuwa gaskiya ne aka riƙe shi ana jiran bincike, rai ake rasawa. Rigakafi ya fi magani.

Maman Sadiq:
Baba Alhaji, ina neman izinin in amsa tambayarka ta me aka rasa, domin ina bakin aikin jinya a watan Agustan 2014 lokacin cutar Ebola. Kowa a nan zai tuna daren da waya ta riƙa ƙara tun kafin Asuba, 'yan'uwa na kiran 'yan'uwa, saƙo na yawo cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha domin kariya. Babu wanda ya tura wannan saƙo da mugun nufi, kowa ƙaunar danginsa ce ta sa shi, kuma kowa ya yi irin lissafin da ka yi, cewa in ƙarya ne ba a rasa komai ba. Amma aƙalla mutum biyu sun rasu, an kwantar da wasu da dama a asibiti, kuma masu hawan jini ne suka fi shan wahala. Ebola ɗin kanta mutum takwas ta kashe a duk faɗin Najeriya cikin ashirin da suka kamu, kuma ba ta ko iso Kano ba, amma gishirin ya shiga kusan kowane gida a cikin dare ɗaya. Har yau a asibiti muna karɓar masu ciwon suga da suka ajiye maganinsu saboda wani saƙon murya da ba a san mai shi ba.

Kawu na Jos:
Alhaji, ƙanena, ka san ba na yawan magana a zauren nan, amma wannan ta taɓa ni a inda yake mini ciwo. A ranar 23 ga watan Yunin 2018 aka kai hare-hare a ƙauyukan yankin Gashish da ke ƙaramar hukumar Barikin Ladi, aka kashe mutane da yawa, kuma wannan gaskiya ne, babu mai musunsa. Amma a wannan rana sai wasu hotuna masu tayar da hankali suka fara yawo a Facebook, har da na wani jariri da aka sassara, ana cewa daga can ne. Washegari matasa suka tare hanya suna fito da matafiya daga motoci, aka kashe mutum goma sha ɗaya waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Bayan watanni BBC ta yi bincike ta gano cewa hoton jaririn ya daɗe a intanet tun kafin harin, wani bidiyon kuma daga Kongo Brazzaville yake, tun shekarar 2012. 'Yan sandan Filato da kansu sun ce waɗannan hotuna sun taimaka wajen rura wutar. Ni ina cikin garin Jos a ranar, na kwana ban san ko ɗana da ya tafi Bukur zai dawo ba.

Kuma kada mu ɗauka cewa wasu ne kawai ke yin haka. A namu zaurukan ma na sha ganin an turo hoton gawarwaki daga wata ƙasa an ce 'yan Arewa ne aka kashe a Kudu, a ƙasa an rubuta cewa duk mai kishi ya tura. Wanda ya tura yana ganin faɗakarwa ya yi, alhali itace ya ƙara a wuta, kuma wanda zai ƙone wani bawan Allah ne mai sayar da kaya a bakin titi.

Alhaji Ƙarami:
Yaya, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, kuma ban taɓa goyon bayan tura hoton gawa ba. Amma a bambanta tsakanin saƙon da ke cewa ku je ku rama da saƙon da ke cewa kada ku bi hanya kaza yau. Na farko fitina ne, na biyu ceton rai ne, kuma ina tsoron kada mu haɗa su a kwando ɗaya mu zubar.

Malam Liman:
Bambancin da Alhaji ya kawo yana da ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Sai dai aya ta 6 a Suratul Hujurat ba ta ce a jefar da labari ba, cewa ta yi a nemi bayani, kuma ta faɗi dalili: don kada ku cuci wasu mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. Haka kuma Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar littafinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Malaman hadisi ba su karɓi magana ba sai da isnadi, wato wane ya ji daga wane, kuma ina ganin wannan shi ne abin da saƙonninmu suka rasa. Idan Alhaji ya ce direbana ne ya kira ni yanzu daga wuri kaza, ya gani da idonsa, wannan labari ne mai uba, za mu iya kiransa mu tambaya. Amma muryar da ba a san mai ita ba, ba rana, ba wuri, wadda ta yiwu tun bara take yawo, ita ce abin gudu.

Mai Gyaran Waya:
A kan abin da Malam ya faɗa, manhajar kanta tana ba da alama. Saƙon da ya bi hannu da yawa yana zuwa da kibiya biyu a samansa, kuma tun 2020 irin wannan saƙo ba a iya tura shi sai zuwa wuri ɗaya a lokaci guda. Tun kafin nan, a farkon 2019, kamfanin ya taƙaita turawa zuwa wurare biyar a duk duniya, bayan jita-jitar satar yara ta sa an kashe mutane da dama a Indiya. Hoto kuma ana iya saka shi a manhajar Google Lens a ga inda ya taɓa fitowa da shekarar da ya fito, abin da ba ya cin minti biyu. Sannan ina ƙara jan hankali a kan murya, domin yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun maganarsa, saboda haka jin muryar da ka sani bai isa hujja ba idan ana neman kuɗi. A kira mutum ta layin waya na yau da kullum, ba ta WhatsApp ba, a yi masa tambayar da shi kaɗai zai iya amsawa. Da Hajiya ta kira layin Yaya kai-tsaye a daren nan, da shi zai ɗauka, domin sim ɗinsa na hannunsa.

Wani abu kuma da bai shafi WhatsApp ba amma ya fi shi haɗari shi ne sim ɗin kansa. Mai ƙwacen waya a yau ba wayar ce ta fi damunsa ba, sim yake cirewa ya saka a wata, ya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, ya duba saƙonnin banki ya san inda kuɗinka yake, sannan ya gwada cirewa ta lambobin da ake dannawa ba tare da intanet ba. Maganinsa shi ne a saka wa sim lambar sirri, ta yadda duk wayar da aka saka shi sai ta nema. A kula dai, idan aka yi kuskure sau uku sim zai kulle sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka sayo shi da shi, don haka wanda bai iya ba ya bari a taimaka masa.

Barista:
Ina ƙara tunatar da mu cewa turawa ma tana da hukunci. Sashe na 24 na dokar da na ambata, bayan gyaran 2024, ya shafi wanda ya aika saƙon da ya san ƙarya ne da nufin tayar da hargitsi ko jefa rayuwa cikin haɗari, kuma hukuncin na iya kaiwa ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan bakwai ko duka biyun. Ina cikin lauyoyin da ke ganin an sha amfani da wannan sashe wajen takura wa 'yan jarida da masu sukar mahukunta, kuma ba na jin daɗin haka, amma wannan bai sa mai yaɗa ƙaryar da ke jawo kisa ya zama marar laifi ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke cikin zauren nan su ma su sani cewa Nijar na da tata dokar tun 2019, kuma a 2024 an dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da yaɗa abin da zai dagula zaman lafiya ta intanet.

Shugaban Zaure:
To ga abin da na fahimta daga maganganun manya da ƙanana. Saƙon tsaro ba za a hana shi ba, amma mai turowa zai rubuta da hannunsa daga wa ya ji, a ina abin ya faru, kuma yaushe, idan kuwa bai sani ba ya turo wa masu kula da zaure su bincika tukuna. Hoton gawa ko na wanda aka ji wa rauni ba za a sake saka shi a nan ba ko da gaskiya ne, saboda mamaci ma yana da mutunci, iyalansa kuma suna da zuciya. Neman taimakon kuɗi sai ta hannun Malam Liman da Maman Sadiq, bayan sun yi magana da mai buƙata baki da baki. Sanarwar rashin lafiya kuma a daina haɗa ta da sunan asibiti da lambar ɗaki.

Alhaji Ƙarami:
Na amince da duka in ban da jiran bincike, domin masu kula da zaure ma suna barci, hanya kuwa ba ta jira. Ni idan na ji abu daga wanda na sani zan rubuta nan take da sunansa da wurin, in kuma ya zama kuskure zan dawo da kaina in janye a gaban kowa. Wanda ban san mai shi ba kuwa na yi alkawari ba zan ƙara turowa ba. Game da kuɗin Hajiya, tunda ta bayyana cewa ɓarawon a cikinmu ya zauna, na janye maganata ta farko, kuma na ba da dubu goma.

Shugaban Zaure:
Ni ma na ba da dubu ashirin, kuma ba kyauta nake ɗaukarsa ba.

Baban Hanifa:
Na gode wa kowa, Allah Ya bar zumunci. Na ji fatawar Malam kuma na karɓa, amma zuciyata ba za ta natsu ba sai na sa hannu, saboda haka zan kawo dubu ashirin da biyar idan an yi albashi.

Hajiya Babba:
Allah Ya yi muku albarka baki ɗaya. Na karɓi na Alhaji da na shugaba domin in sallami mai atamfa, amma naka, ɗana, ka saya wa tsohuwa magani da shi, ragowar kuma na yafe duniya da lahira, sai dai ban yafe wa ɓarawon ba, kuma Barista za ta ga takardun yau da daddare. Kai kuma mai gyaran waya, idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan, ka biyo ta gida bayan La'asar ka saka mini makullan nan biyu, na WhatsApp da na sim. Zan kira matan layinmu su zo da nasu wayoyin, mu bakwai ne.

Mai Gyaran Waya:
In sha Allahu ina nan tafe, Hajiya. Kowace ta zo da katin da aka sayo sim ɗinta da shi idan yana nan, kuma kowace ita za ta zaɓi lambarta ta danna da hannunta, ni zan nuna wurin ne kawai in kau da kai.